Farin Ruwa a Tagar Okke

Tagar ɗakin zamana tana kallon tagar Okke Veldman, titi ne kawai a tsakani, kuma tun da yayata Hilke ta tare a gidan nan ban taɓa ganin an ja labulen tagar ba sai sau ɗaya. Wa zai ja? A layinmu na garin Delfzijl a ƙasar Holland, mai jan labule da rana ko an yi masa mutuwa ko yana da abin ɓoyewa. Okke kuwa nunawa yake so. Tankin kifinsa na gilashi, mai tsawon gado, yana nan inda duk mai wucewa zai gani, fitila a kansa, ciyayi kore shar a ciki, ruwan kuma garau har ka rantse a iska kifayen ke yawo. Masu keke kan rage gudu su leƙa. Shi kuma yana kan kujerarsa yana yi kamar bai gan su ba, alhali babu wanda ke wuce masa.

Ni ce Tineke, ƙanwar matarsa, kuma tun ranar da ya zo neman Hilke da takalmi duk laka muke faɗa ni da shi. Yana kirana Rediyo. Ni kuma ina kiransa Ɗan Gada, don aikinsa ke nan har ya yi ritaya. Yana zaune a 'yar rumfa bakin mashigin ruwa, in jirgin dakon kaya ya taho ya tsayar da motoci ya ɗaga gada, in ya wuce ya sauke. Ba ya shan taba, ba ya zuwa mashaya, ko ƙwallo ba ya kallo. In ya tashi aiki ya gaji da kallon ruwan gwamnati, sai ya dawo gida ya zauna kallon nasa.

Yana cikin ƙungiyar masu kiwon kifin ado ta gundumarmu. Sau ɗaya a shekara alƙalan ƙungiya kan shigo gida, su zauna a kan kujerar mai gida ita kanta, su ƙura wa tanki ido kamar masu duba mara lafiya, Hilke ta kawo musu gahawa da biskit ɗaya-ɗaya ta mayar da murfin gwangwani ta rufe. Okke ya sha cin na ɗaya. Yana da wata ƙatuwar tarwaɗa mai tsotsar gilashi, baƙa, mummuna, wadda ta girmi jikokinsa, ya sa mata suna Magajin Gari saboda ba ta aikin komai sai kwanciya.

Rigima ɗaya ce tak na sani a aurensu, kuma a kan soso ne. A ƙarƙashin tanki akwai kabad, a cikinsa akwai matatar ruwa, wata baƙar tukunya mai gunji dare da rana, cike da soso. Hilke mace ce da ke wanke dakalin ƙofar gida da buroshi duk Asabar, ko ana dusar ƙanƙara. Shi kuwa in zai wanke soson nan, sai ya ɗebi ruwan tankin a bokiti, ya matsa soson a ciki a hankali kamar mai tsoron ya ji masa ciwo, ya mayar da shi da dauɗarsa.

"Wai ka wanke ke nan?" in ji Hilke, tana toshe hanci.

"Dauɗar nan rai gare ta," in ji shi. "Ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, su ke cinye ƙazantar kifi. Ruwan famfo kashe su yake. In sun mutu, kifi ya zauna cikin fitsarinsa."

Ba ta yarda ba. Wata rana da ƙuruciya, yana can kan gada, ta buɗe tukunyar ta wanke masa soson tas da ruwan zafi da sabulu, don ta faranta masa. Kafin jibi ruwan ya yi fari fat kamar an juye madara, kifaye suka mutu sai kaɗan. Har Kirsimeti bai yi mata wata doguwar magana ba. Daga baya labarin ya zama abin dariyarsu, duk sabon shiga ƙungiya sai Okke ya ba shi. Ranar da muka binne Hilke ma, ana shan gahawa a zauren coci, ya fara ba da shi. Da ya zo wurin da ta miƙo masa soson tana murmushi, sai muryarsa ta ƙi fita.

Bayan rasuwarta ne abubuwa suka fara zame masa. Na tsinci mabuɗinsa a firji kusa da cuku. Ya ƙona tukunyar dankali har ta huje. Wata safiya aka kawo mini shi daga bakin gada da silifas, yana bubbuga ƙofar rumfarsa yana cewa ya makara, rumfar da aka rufe tun da aka koma ɗaga gadar da na'ura daga wani gari. Nan ne 'yarsa Femke ta taso daga birnin Utrecht. Ina zaune aka yi maganar, don ba a yin magana a gidan nan babu ni.

"Baba, akwai ɗaki a gidan tsofaffin da ke bayan coci. Na je na gani, yana da kyau."

"Suna karɓar tanki?"

"Ba sa karɓa."

"To, an gama magana. Ƙara gahawa."

"Baba, don Allah ka saurare ni. In ka ƙona gidan fa?"

Ya kama hannunta ya kai ta gaban gilashin. "Dubi ruwan nan da kyau. Mutumin da kansa ya juye zai iya riƙe ruwa haka? Ranar da ruwan nan ya ɓaci da hannuna, ki zo da mota. Wallahi ni da kaina zan ɗauki jakata. Kafin nan ki bar ni a gidan uwarki." Ya juyo gare ni. "Ke ce shaida, Rediyo. Yau dai bakin nan naki ya yi amfani."

Femke ta share hawaye ta yarda, da sharaɗin a turo mai taya shi aikin gida. Aka turo Jolanda, wata mata mai ciwon gwiwa da ta yi shekaru tana bin gidajen tsofaffi a keke. Irin Hilke ce sak wajen wanke-wanke, inda duk ta bi sai ƙamshin sabulu mai lemun tsami ya biyo ta. Ranar farko Okke ya nuna mata kabad ɗin ya ce ko ƙurarsa kada ta goge.

Tun daga lokacin, kafin in ɗora ruwan gahawa da safe sai na leƙa tagarsa. In na ga ruwan garau sai hankalina ya kwanta, in ce yau ma Ɗan Gada yana gidansa.

Wata safiya a ƙarshen kaka na leƙa na ga labule a ja. Na tsallaka titi da rigar barci, ina cewa a raina shi ke nan ya bi Hilke. Na same shi a tsaye da ransa, da 'yar raga a hannu. Tankin ya yi fari fat, ko ciyayin ba a gani. Kifaye sun taru a sama suna haki, waɗanda suka mutu kuma ya jera su a kan jarida.

"Okke, mene ne haka?"

Ya durƙusa ya buɗe tukunyar ya zaro soso ya miƙo mini. Ni ban taɓa sanin shuɗi ne ba sai ranar. Tsaf da shi kamar daga kanti, yana ƙamshin lemun tsami.

"Matar nan ce," ya ce. "Shekaranjiya ta zo."

Ba a jima ba sai ga Jolanda ta jingine kekenta. Ko rigar ruwanta ba ta cire ba ya tare ta da soson.

"Na ce kada ki taɓa ko ban ce ba?"

"Mista Veldman, wallahi ban ko buɗe kabad ɗin nan ba."

"To aljani ne ya wanke? Shinshina! Sabulun wa ke nan?"

"Sabulun kicin ɗinka ne, kowa na iya ɗauka."

"Kowa? Ni kike nufi? Ni? Fita mini daga gida!"

Ta dube ni ko zan ce wani abu. Me zan ce? Ga soso, ga ƙamshi, ga mace mai wanke har ƙasan kwandon shara. Duk garin nan babu wanda zai yarda cewa Okke Veldman zai kai soso bakin famfo. Ta fita tana kuka. Ofishinsu suka kira ta suka yi mata faɗa suka cire ta daga gidan, kuma kafin ranar kasuwa har mai sayar da cuku ya san matar da ta kashe kifin Okke. Femke ta bugo waya, da ta ji yadda aka yi sai ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "To Inna, ai ba hannun Baba ba ne. Alkawari yana nan."

Abin mamaki, a kwanakin nan Okke ya dawo kamar saurayi. Ya daina ba kifayen abinci don ƙazanta ta ragu, yana rage ruwa da bokiti yana ƙara sabo kaɗan-kaɗan, babu abin da ya manta. Abokinsa na ƙungiya, Siebrand, ya zo da soso daga tasa matatar, baƙi ƙirin, yana ɗiga a cikin leda, ya miƙa masa hannu bibbiyu. Haka 'yan ƙungiyar nan suke yi wa juna in abu ya ɓaci, dauɗa suke kai wa juna gudummawa. Okke ya karɓa idonsa ya ciko. Sannu a hankali farin ya fara washewa, ciyayi suka bayyana, sai ga Magajin Gari manne da gilashi, ko a jikinta. Ranar da ya buɗe labule na tsaya a tagata na yi masa gwalo, ya ɗaga mini bokiti. Na yi murna ranar, ba kaɗan ba.

Ba a turo wata mai aikin ba tukuna, don haka ni na karɓi sharar gidan, kuma ko kusa da kabad ɗin ba na zuwa.

Wata Talata da hantsi na kai masa miyar wake a tukunya. Ina shiga na ga kumfa a saman tankin, ta taru a kusurwoyi, kifaye suna ta zabura suna bugun gilashi. Daga kicin kuma ina jin ƙarar famfo da fito, wata waƙar coci da Hilke ke so. Na ajiye tukunyar a ƙasa na shiga. Yana tsaye a bakin wurin wanke-wanke, ya naɗe hannun riga, tururi na tashi, kumfa har gwiwar hannu. Ya riga ya wanke sauran soson ya mayar ya kunna matatar. Wanda ke hannunsa soson Siebrand ne, yana ta murza shi. Ya juyo da fara'ar da rabona da ganinta tun yayata na da rai.

"Hilke, zo ki gani. Kullum kina cewa ba na wankewa. Dubi yadda ya fita."

Na fizge soson. "Okke! Ni ce Tineke! Me kake yi haka?"

Ya dube ni, ya dubi soson. Ya kashe famfo. Sai ya ɗaga hannunsa a hankali ya kai hanci ya shinshina, ya daɗe a haka. Ina kallo fara'ar ta bar fuskarsa. Ya wuce ni ya je gaban tankin ya tsaya, ya sunkuya ya zare wayar matatar daga bango. Gidan ya yi tsit, ban taɓa jin sa haka ba.

"Wancan karon ma ni ne," ya ce.

Tausayinsa ya kama ni. Na ce, "Babu wanda ya gani sai ni. Bari in ja labule in kira Siebrand, mu sake ruwan. Femke ba sai ta ji ba."

"Kada ki taɓa labulen nan."

"Haba Ɗan Gada, ka san fa abin da zai biyo baya."

"Na sani. Ni na faɗa da bakina, ke ce shaida. Kira Femke." Ya zauna a kujerarsa, hannuwansa jiƙe a kan gwiwa. "Amma ki fara kira mini matar nan. Na tozarta ta a banza. Yau nake so, Tineke, yanzu, tun abin yana hannuna. Ina jin yadda yake sulluɓewa."

Na buga wa Jolanda. Tana can wani ƙauye tana yi wa wata tsohuwa wanka, ta ce ba za ta samu zuwa ba sai da yamma. Na gaya mata komai. Ta ce za ta zo.

Muka yi ta ɗibar ruwa muna zubarwa, amma sabulu ya riga ya yi aikinsa. Ɗaya bayan ɗaya suka juya ciki sama. Magajin Gari ce ta ƙarshe, ta saki gilashin ta gangara ƙasa ta kwanta a gefe. Okke ya ciro ta da hannunsa, bai sa raga ba, ya naɗe ta a tawul ɗin Hilke. Daga nan ya hau sama ya sa farar riga da ɗamarar wuya irin ta zuwa coci. Ya sa na jera kofuna masu kyau. Ya ɗauko gwangwanin biskit ya buɗe ya ajiye murfin can gefe, abin da ban taɓa ganin an yi wa baƙo a gidan nan ba, ko fasto.

Ya zauna yana maimaitawa a hankali. "Jolanda, ni ne, ba ke ba ce. Ki yafe mini. Jolanda, ni ne." Ni kuma ina kallon agogo ina jin haushin kowace tsohuwa da ke buƙatar wanka a gundumar nan. Can ya daina maimaitawa. Can ya tambaye ni wa muke jira. Na gaya masa, ya ce, "Haka ne, haka ne," ya ci gaba da maimaitawa. Da aka jima ya sake tambaya. Na sake gaya masa, ya gyaɗa kai, amma idonsa na kan tankin, wanda ya fara yin fari, babu komai a ciki sai ciyayi.

Ana yayyafi ta iso. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki da rigar ruwanta tana ɗiga, ta ce, "Barka da yamma, Mista Veldman."

Ya dube ta. Ya dubi tankin. Ya sake dubanta, sai ya miƙe tsaye.

"Ke! Kin sake dawowa? Tineke, ga ta nan! Ta sake yi! Dubi abin da ta yi mini, har Magajin Gari!"

"Okke, ba haka ba ne, kai ka ce a kira ta. Shinshina hannunka, don Allah shinshina!"

"Wane hannu? Shekara nawa ina koya wa mutane? Ni zan wanke soso da sabulu?"

Na buɗe baki zan ci gaba, Jolanda ta dafa mini kafaɗa ta girgiza kai. Ta ga irin wannan a gidaje da yawa, ni ce ban taɓa gani ba. Ta matsa kusa da shi ta ce, "Yi haƙuri, Mista Veldman. Ba zan ƙara ba." Ta juya ta fita ta hau kekenta. Ko biskit ɗin ba ta ɗauka ba. Na bi ta da kallo ta taga ina kuka, kukan baƙin ciki da takaici, ban ma san wanda nake yi wa ba a cikinsu.

Femke ta zo da mota ranar Asabar. Na riga na gaya mata abin da idona ya gani, kamar yadda ya sa ni. Mun haɗa masa jaka ɗaya, ta ajiye a bakin ƙofa. Siebrand ya zo zai kwashe ciyayin, ya tsaya a waje ya kasa shigowa.

Okke ya riƙe hannun kujerarsa gam. "Ba haka muka yi ba, Femke. Cewa na yi in ya ɓaci da hannuna. Da hannuna! Matar nan ce, kowa ya sani, har kasuwa an sani."

"Baba, taso mu tafi. Ɗakin yana da taga babba."

"Kin ci amanata a gidan uwarki." Ya juyo gare ni, idonsa jajir. "Rediyo, ke ce shaida. Kina nan aka yi. Faɗa mata gaskiya mana!"

Na riga na faɗa masa gaskiyar nan sau ba adadi tun Talata, kowane karo sai ya ji ta kamar sabuwa, ya shinshina hannu ya yi kuka, kafin a jima ta gudu ta bar shi. Ban iya ƙara yi masa haka ba. Na ce, "Taso, Ɗan Gada, ana jiran ka."

Ya daɗe yana kallona, irin kallon da ake yi wa maci amana. Sannan ya tashi ya wuce ta gabana, ya wuce jakar ko dubanta bai yi ba, ya shiga bayan mota ya zauna. Maƙwabta duk suna tagoginsu.

Ni na ɗauki jakar na kai masa.